Shagon tsofaffin kujeru a Garwa: abin da na gani da abin da na saya

Akwai wani ƙaramin shago a Garwa, a arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa, wanda mutum zai iya wucewa ta gabansa sau goma bai lura da shi ba, domin ba shi da allon suna kuma ƙofarsa ɗaya ce. Na fara shiga ne a watan Janairu, hunturu yana tsakiyarsa, ina neman teburin rubutu. Tun daga lokacin na koma sau huɗu, na sayi kaya uku, saboda haka ina ganin na san shagon sanin da zai ba ni damar yin magana a kansa.

Kayan da ake sayarwa a nan kayan ɗaki ne na tsakiyar ƙarni na 20, wato daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa ƙarshen shekarun 1960. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ofishin gwamnati ya san irinsu ko da bai san zamaninsu ba: kujeru marasa nauyi masu hannun katako, ƙafafu sirara da suke tsukewa zuwa ƙasa, dogon kabad mai ƙofofin da ake turawa gefe, da teburan cin abinci masu saman Formica da ƙafafun ƙarfe. Babu sassaƙen furanni, babu ruwan zinariya. Mai shagon, dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin kafinta, ya shaida mini cewa yana samo yawancinsu daga gidajen tsofaffin ma'aikata idan aka zo rabon gado, domin magada sun fi son manyan kushin na zamani. Wasu kayan Turawan Faransa ne suka bar su, wasu kuma na manyan ma'aikatan da suka karɓi ofisoshi bayan samun 'yancin kai a 1960, zamanin Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, wanda ɗan garin nan ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda waɗannan kaya suka dace da yanayinmu. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afirilu ya san azabar zama a kan kushin mai kauri da aka lulluɓe da leda. Ita kuwa kujerar wancan zamani bayanta a buɗe yake, iska tana ratsawa, kuma matashinta ana ɗaga shi a kakkaɓe a shanya. Tunda komai a kan dogayen ƙafafu yake, tsintsiya tana shiga ƙarƙashi ta kwashe ƙurar hunturu, kuma idan gara ta fara gina hanyarta daga ƙasa, ido zai gan ta tun ba ta yi ɓarna ba. A gidanmu gara ta taɓa cinye gindin wani kabad da yake zaune daram a kan siminti, ba mu ankara ba sai da ya karkace, don haka wannan batu ba ƙarami ba ne a wurina.

Amma dalilin da ya sa nake komawa shagon shi ne gaskiyar mai shi. A zuwana na biyu na ga wata kujera mai lanƙwasasshen baya da mazaunin igiya, na ce masa ai ta yi kama da shahararriyar kujerar nan da Hans Wegner na ƙasar Denmak ya zana a 1949. Da wani ne da ya ce ita ce, ya ninka kuɗi. Shi kuwa sai ya kifa ta ya nuna mini ƙarƙashinta, ya ce: "Malam, duba da kyau, babu tambarin kowa a nan, kuma wannan katakon loko ne na kudu. Kafintocin Duwala ne suka ga hoto suka yi irinta." Na ce: "Alhaji, ashe ba ta kai ta Turai ba ke nan?" Ya ce wajen suna ba ta kai ba, amma wajen jure wa iskarmu ta fi. Ya jawo wani ƙaramin kabad da ya tabbatar daga Faransa ya zo, ya nuna mini yadda siririn fallen katakon da aka liƙa a samansa ya ɗaɗɗago a gefe. Bushewar hunturu tana tsotse katako, laimar damina ta kumbura shi, kuma bayan shekaru sittin na wannan kai da kawo tsohon gam yana saki. Kayan da aka yi da tsantsar loko ko maɗaci, aka sassaƙa haɗinsu katako ya shige cikin katako, su ne suka fi tsayawa da ƙafafunsu.

Ya kuma san darajar abin da ke hannunsa. Ya san labarin gidajen ƙarfe da Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera, aka kafa ɗaya a Yamai a 1949 da biyu a Barazabil, babban birnin Kongo, a 1951, waɗanda daga baya aka kwance aka kwashe zuwa Faransa, har aka yi gwanjon ɗaya a New York a 2007 kan kusan dala miliyan 5. Wannan ne ya sa ba ya sakin kujerun ƙarfe na da sai ya juya su ya bincika, kuma ina ganin hakan daidai ne, domin an daɗe ana kwashe irin waɗannan kaya daga ƙasashenmu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Na sayi teburin rubutu na maɗaci mai durowa uku, da kujeru biyu masu hannu. Teburin, mai shagon ya fara sa masa sefa dubu 90, muka daidaita a dubu 75. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma da shi za a iya sayen sabon tebur na katakon gari da aka matse, har a samu canji. Sai dai na ja kowace durowa na tura, babu wadda ta cije, na jingina da teburin da dukkan nauyina bai motsa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wajibi ne in faɗe su. Na farko shi ne banis. Yaran shagon suna shafa shi da kauri har katako ya riƙa ƙyalli kamar gilashi, alhali kyan irin waɗannan kaya yana cikin zanen itacen ne, wanda ɗan mai kaɗan ya isa ya fito da shi. Na ga wani dogon kabad da aka ɓata ta wannan hanya, kuma raina ya sosu ƙwarai. Wanda zai saya ya zaɓi wanda ba a taɓa ba tukuna, ya faɗi irin gyaran da yake so. Haka na yi da kujeruna kuma an bi maganata. Soson da suke sawa a matasai shi ma mai arha ne, cikin wata uku ya fara lotsawa, sai da na canza. Wurin kuma a cunkushe yake, an ɗora kujera kan kujera har kusa da rufi, ga ƙarancin haske, don haka gara mutum ya zo da hantsi ya nemi a fito masa da abin da yake so waje ya duba a rana. Ranar da aka kawo mini teburin a amalanke ba a shimfiɗa komai a ƙarƙashinsa ba, ƙarfe ya karce gefensa. Da na koma na yi ƙorafi, Alhaji bai yi gardama ba, washegari ya zo gidana da kansa ya goge wurin ya shafe, bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu teburin ya ga ƙarshen hunturu, ya ga bazara, ya ga damina guda a ɗakina, kuma durowarsa ta ƙasa ce kaɗai ta ɗan yi tauri a watan Agusta, ta kuma saki da ruwa ya ɗauke. Na riga na bar sallahu cewa idan aka samu kabad na littattafai na loko wanda banis bai taɓa ba, a ajiye mini.