Folsom Prison Blues da Mama Tried: wa ya yi zaman gidan yari da gaske?

Ɗan'uwa ka tambaya ko Johnny Cash ya taɓa zaman gidan yari ne da har ya rera Folsom Prison Blues, kuma wai tsakaninta da Mama Tried ta Merle Haggard wacce ce labarinta ya fi kusa da gaskiya. Toh ba kai kaɗai ba ne, mu da muka taso muna jin waƙoƙin kantiri na Amurka a rediyo da kaset, daga su Don Williams zuwa Dolly Parton, da yawanmu haka muka ɗauka cewa Cash tsohon fursuna ne saboda yanda muryarsa take da nauyi ga kuma baƙaƙen kayan nan da yake sawa.

Amma gaskiyar magana Cash bai taɓa zaman kaso ba. An sha kama shi dai ya kwana a bayan kanta, yawanci kan shaye-shayen ƙwayoyi, a 1965 ma a El Paso an samu ƙwayoyi a cikin akwatin jitarsa, amma kwana ɗaya ne washegari ya fito. Waƙar kuwa a Jamus ta samo asali, lokacin yana sojan saman Amurka a garin Landsberg farkon shekarun 1950, aikinsa sauraren saƙonnin sojojin Tarayyar Sobiyet ta rediyo. A can aka nuna musu wani fim na 1951 kan kurkukun Folsom da ke Kalifoniya, abin ya tsaya masa a rai ya zauna ya sa kansa a matsayin fursuna. Baitin nan da kowa ya sani, inda mai waƙar yake cewa ya harbe wani mutum a garin Reno don kawai ya ga yanda zai mutu, Cash da bakinsa ya ce zama ya yi yana tunanin mafi munin dalilin da zai sa mutum ya kashe ɗan'uwansa, shi ne wannan ya faɗo masa. Ya ɗauki waƙar a 1955 a sutudiyon Sun da ke Memphis wajen mai sutudiyon, Sam Phillips.

Sai dai akwai wani abu da masoyansa ba sa son a taɓo, ni kuma ina ganin ya kamata a faɗa. Karin waƙar da baitoci da dama ba nasa ba ne, daga Crescent City Blues ta Gordon Jenkins ya ɗebo su, wadda ta fito a 1953, kuma daga baya sai da ya biya Jenkins kusan dala 75,000 aka kashe maganar.

Merle Haggard kuwa nasa ba fim ba ne, rayuwa ce. Iyayensa daga Oklahoma suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya lokacin matsin tattalin arzikin shekarun 1930, aka haife shi a 1937 a Oildale kusa da Bakersfield, kuma gidan da ya tashi ciki tsohon taragon jirgin ƙasa ne da babansa ya gyara ya mayar da shi ɗakuna. Yana ɗan shekara tara baban ya rasu a 1946, aka bar mahaifiyarsa Flossie, mace mai riƙo da addininta, ta fita neman aiki tana riƙe wa wani kamfani lissafi don ta ciyar da gida, shi kuma yaro ya samu sake ya fara gudu daga gida yana ɗare jiragen kaya, yau sata gobe gidan horon yara, a kai shi ya tsere a sake kamo shi, haka dai. A 1957 a buge ya je zai fasa ƙofar baya ta wani gidan abinci a Bakersfield, a zatonsa dare ya raba an tashi, ashe wurin a buɗe yake da mutane a ciki. Aka kama shi ya sake tserewa daga hannun hukuma, shi ne a 1958 aka tura shi gidan yarin San Quentin, a can ya cika shekara 21 kamar yanda Mama Tried ta faɗa.

Shi ma fa ya ɗan ƙara gishiri. A waƙar ya ce ɗaurin rai da rai aka yi masa, alhali bai cika shekara uku a ciki ba, 1960 aka sake shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina in na jera su shi ne jirgin ƙasa, don duka biyun da shi suka buɗe. A wajen Cash fursuna ne a kulle yana jin jirgi na wucewa, yana hasko masu kuɗi a ciki suna shan kofi suna zuƙar taba, shi kuma ko motsi ba dama, jirgin nan shi ne 'yancin da ya rasa. A wajen Haggard kuwa yaro ne ƙarami yake jin usur ɗin jirgi yana mafarkin ranar da zai hau ya tafi, wato jirgin ne ma ya raba shi da gida. Na farkon kewar waje yake yi, na biyun nadama yake yi.

Kuma nan ne Mama Tried ta fi taɓa ni wallahi. Ka san yanda ake yi ko a wajenmu, da yaro ya lalace sai a ce ai uwar ce ba ta ba shi tarbiyya ba, musamman in maraya ne. Haggard tsayawa ya yi gaban duniya ya wanke mahaifiyarsa, ya ce ta yi iya ƙoƙarinta, ta yi aiki ba hutu, ta yi roƙo ta yi nasiha shi ne ya toshe kunne, don haka laifin nasa ne shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa sa mahaifiyarsa kuka in ya fahimci waƙar nan sai jikinsa ya yi sanyi. Folsom ta fi kiɗa mai motsa jiki da ƙarfin murya, wannan ba musu, amma in gaskiyar labari kake tambaya ni Mama Tried zan ba.

Kar kuma ka ɗauka na raina Cash. Bai yi zaman kaso ba amma ya ɗauki fursunoni a matsayin mutane, tun ƙarshen shekarun 1950 yake shiga gidajen yari yana musu wasa, kuma a ɗaya daga cikin wasannin da ya yi a San Quentin, Haggard na zaune cikin fursunoni yana kallo, ya sha faɗin cewa ranar ta taimaka wajen sa shi ya ɗauki waƙa da muhimmanci. Ranar 13 ga Janairu 1968 Cash ya shiga Folsom ɗin kanta aka ɗauki wasan kai tsaye, wannan ɗaukar ce yawancinmu muka sani, kuma a shekarar ita da Mama Tried duk sun hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka.

Haggard ya daɗe yana fargabar a san tarihinsa, Cash ne ya ba shi shawarar ya faɗa da bakinsa kafin jaridu su tono, ya kuma faɗa a shirin talabijin na Cash ɗin a 1969. A 1972 gwamnan Kalifoniya na lokacin, Ronald Reagan, ya yi masa afuwa gaba ɗaya.