Bitar plata, farantin ɗumama abincin Asabar a gidajen Yahudawa

Plata faffaɗan faranti ne na ƙarfe mai aiki da lantarki, wanda ba shi da makunni kuma ba shi da maɓallin ƙara zafi ko rage shi, domin da zarar an sa filoginsa a soket sai ya ɗauki zafi ya tsaya a kansa har ranar da aka cire shi. Wanda ya saba auna darajar kayan girki da yawan maɓallansu zai ɗauka an yi rowar fasaha wajen ƙera shi, alhali kuwa wannan rashin maɓalli shi ne ainihin abin da Yahudawa masu kiyaye ranar Asabar suke biyan kuɗinsa, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a yi masa hukunci.

Ranar hutun Yahudawa, wato Shabbat, tana shiga ne da yammacin Juma'a, lokacin da uwargida ta kunna kyandirori minti 18 kafin faɗuwar rana a yawancin garuruwa, ko minti 40 a birnin Ƙudus, kuma ba ta fita sai taurari uku sun bayyana a daren Asabar, wanda ya kama kimanin awa 25. Attaura ta hana hura wuta a wannan rana a Littafin Fitowa 35:3, Mishna kuma, wato tsohon kundin dokokin malaman Yahudawa, ta lissafa ayyuka 39 da aka haramta, ciki har da gasa burodi, wanda dafuwa take ƙarƙashinsa, shi ya sa masu kiyaye ranar ba sa kunna na'urar girki ko sauya zafinta. Duk da haka malamansu sun ɗauki cin abinci mai zafi a matsayin wani ɓangare na girmama ranar da jin daɗinta. A da, a garuruwan Gabashin Turai da na Maroko, iyalai kan kai tukwanensu tanderun mai gasa burodi ranar Juma'a su karɓo washegari da rana. Daga baya aka koma shimfiɗa falle na ƙarfe, wanda ake kira blek, a kan murhun gas da aka bari yana ci a hankali. Plata ya gaji wannan aikin, kuma ya fi blek kwanciyar hankali ta fuska guda, tunda babu harshen wutar da iska za ta kashe ta bar gas yana tsiyaya cikin gida da dare.

Wanda na gwada matsakaici ne, mai ɗaukar tukwane huɗu idan ba manya ba ne, da gajerun ƙafafu da suke ɗaga shi daga kan tebur. Yana ɗaukar lokaci kafin ya kai cikakken zafinsa, saboda haka wajibi ne a jona shi da sauran rana, ba a daidai lokacin kunna kyandir ba. Zafin nasa bai daidaita a ko'ina ba: tsakiya ta fi gefe zafi nesa ba kusa ba. Da farko mutum zai kira wannan aibi, amma a aikace yana da amfani, domin tunda babu maɓalli, wurin da aka ajiye tukunya shi ne kaɗai hanyar zaɓar mata zafi. Miya da abincin da zai kwana suna zama a tsakiya, shinkafa da soyayyen nama kuma a gefe.

Inda plata ya nuna gwanintarsa shi ne wajen colent, abincin nan na Yahudawan Ashkenazi, wato masu asali daga Tsakiya da Gabashin Turai, da ake haɗawa da nama da wake da sha'ir da dankali, wanda Sefardawa, Yahudawa masu asali daga Sifaniya da Fotugal, suke da irin nasu mai suna hamin, ko dafina a Maroko, da ƙwai a cikin ɓawonsa da yake komawa ruwan ƙasa saboda daɗewa a kan zafi. Tukunyar da na bari ta kwana ta fito da nama mai narkewa a baki da romo mai kauri, kuma ba ta kama ba. Sharaɗin dai shi ne a zuba ruwa fiye da yadda aka saba tun ranar Juma'a, saboda bayan shigar Asabar ba a ƙara ruwan sanyi kuma ba a juya abincin yana kan farantin. Shinkafa ce ba ta ji daɗinsa ba, domin ƙasanta ya bushe ya yi ƙanzo ko da a gefe take, har sai da aka kifa wata tasa a ƙarƙashinta. Burodin hala kuwa, wanda Yahudawa suke ci ranar Asabar, ya yi ɗumi mai kyau a kan murfin tukunya.

Ya kamata mai saye ya sani cewa farantin ba ya warware masa tambayoyin shari'a, sai dai ya sauƙaƙa su. Littafin Shulhan Aruk, babban kundin shari'ar Yahudawa na malaminsu Rabbi Yosef Karo, wanda aka fara bugawa a 1565, ya hana sake ɗumama abinci mai ruwa da ya huce, yayin da Rabbi Moshe Isserles na Krakow, wanda Ashkenazawa suke bi, ya sassauta muddin bai yi sanyi gaba ɗaya ba. Busasshen abinci da ya riga ya nuna yana da hukunci dabam. Marigayi Rabbi Ovadia Yosef ya halatta a ɗora shi kai tsaye a kan plata ranar Asabar, bisa hujjar cewa ba a saba girki a kansa ba, amma da yawa daga malaman Ashkenazi suna sharɗanta a kifa tukunya ko tasa a tsakani. Haka nan gidan da yake raba nama da madara, kamar yadda dokar abincin Yahudawa ta tanada, zai buƙaci shimfiɗa takardar alminiyum a samansa, ko ya keɓe farantin ga ɗaya daga cikinsu. Takardar bayanin da ta zo da nawa ba ta taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ina ganin hakan daidai ne, domin wannan magana ce tsakanin iyali da malaminsu.

Abin da ban yafe wa masu ƙera shi ba shi ne gajartar wayarsa. Wayar ba ta kai soket ba sai an matso da farantin jikin bango, wanda hakan yake ingiza mutane su ƙara masa wata waya, kuma wannan babban haɗari ne ga na'urar da za ta kwana ta wuni tana jan wuta kowa yana barci. A watan Maris na 2015, gobara a unguwar Midwood ta Brooklyn a birnin New York ta halaka yara bakwai 'yan gida ɗaya a daren Juma'a wayewar Asabar, kuma hukumar kashe gobara ta danganta ta da farantin ɗumama abinci da ya lalace. Saboda haka duk wanda zai saya ya nemi tambarin hukumar gwajin ingancin kayan lantarki ta ƙasarsa kafin ya dubi girma ko kyan gani, ya ajiye shi a kan abin da ba ya cin wuta, nesa da labule, kada ya lulluɓe farantin da bargo, kuma ya tabbata na'urar gano hayaƙi tana aiki. Wasu suna jona shi da agogon Asabar mai kashe wuta da kunna ta a lokutan da aka saita tun Juma'a, wanda yake hutar da shi tsakiyar dare, sai dai wannan bai dace da tukunyar naman da za ta kwana ba, domin za ta huce ta lalace.

Akwai tanderun zamani masu tsarin Asabar, irin waɗanda hukumar Star-K ta Baltimore take tantancewa, waɗanda suke hana tanderu kashe kansa bayan awa 12, amma sun fi plata tsada ƙwarai kuma ba a tafiya da su. Ga ƙaramin iyali ko ɗalibi ko mai haya, plata ya wadatar, kuma ina ba da shawarar a saye shi. Wanda zai sayo daga wata ƙasa ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa, domin na Isra'ila an yi shi ne don bolt 230, na Amurka kuma don bolt 120.