Gargaɗi ga masu keken tsere: dubu 85 ɗina sun tafi a kan fedar jabu

Dubu 85! Kuɗin riɗina ne, ba tsintarsu na yi ba. Duk mai hawan keken tsere a Gumel da Maigatari ya yi hattara da wani mai tallan kayan keke a Facebook da ke cewa yana da fedar Shimano 105 ta hannu daga Turai, irin mai kama takalmi.

Kada wani ya ce ban bincika ba, wallahi na bincika. Na san fedar Shimano da ake kira SPD, mai noti biyu a ƙasan takalmi, an fi sa ta a keken daji, ta kwalta ita ce SPD-SL mai noti uku. Na auna ta da Keo, fedar kamfanin Look, na tsaya a kan Shimano saboda robarta ta ƙasan takalmi mai ruwan ɗorawa tana barin ƙafa ta motsa digiri 6, ni kuma gwiwata ta dama tana damuna. Da na gwada mai tallan da tambaya kan launin robar, ko gargada bai yi ba: "Yallaɓai, shuɗiya digiri 2 ce, ja ba ta motsi sam, mai ɗorawa ce taka." Wannan maganar ce ta ci ni. Kullum sai ta dawo min, mai ɗorawa ce taka. Wa zai ji haka ya ce da ɓarawo yake magana? Har labarin Bernard Hinault ya ba ni, wanda ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1985 da fedar Look, kuma gaskiya ne!

Da kwalin ya iso tashar Gumel na ba direba dubu 4, ban da dubu 85 ɗin. Sandar fedar tana girgiza, boris na gurnani kamar an zuba masa yashi, notin daidaita ƙarfin sifirin yana ta juyawa a banza. Robar takalmin kuma toka-toka ce, ƙirar Look: huda uku dai, amma ba ta shiga Shimano. Mai gyaran kekenmu ya sa farce, rubutun 105 ɗin ya kankare a gaban mutane. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Af, tun kafin in je wurin mai POS mai tallan ya turo bidiyo yana juya feda da yatsa, sumul, ba ƙara. Ba ita ya aiko ba. Da na kira, wai yaron shago ne ya yi kuskure, in ƙara dubu 10 a canja min. Na ƙi. Ko a wannan kiran Yallaɓai yake ce min. Kafin magariba ya toshe ni.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin dubu 85 suna nan, zan ɗora su da dare in sabis ya dawo. Allah ya isa.

Kada ku tura ko sisi sai feda ta zo hannunku, kun taka ta kama, kun murɗa diddige ta saki.