Zanen naɗe jariri: wane awo za ki ce wa tela ya yanka?

Da ciki ya shiga wata bakwai sai hankalin gida ya koma kan kayan haihuwa, amma zanen da za a karɓi jariri a ciki shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A je Babbar Kasuwar Sakkwato a zaɓi yadi mai kyan fure, a miƙa wa tela a ce "yanka mini guda shida", ba a faɗi awo ba. Shi kuma ya yanka yadda ya ga dama. Kafin a yi arba'in sai ki ga ƙafafun yaro sun leƙo waje.

Jaririn da ya cika wata tara yakan zo da tsawon kusan inci 20, kuma a watanni shidan farko yakan ƙara wajen inci ɗaya kowane wata. Da wannan za ki auna komai.

Ƙaramin awo shi ne inci 30 kowane gefe. Ba ya da nauyi, yana bushewa da wuri, yana shiga jakar asibiti ba wahala. Ya dace da bakwaini da tagwaye, ya kuma dace da yafawa a kafaɗa saboda tumbuɗi, ko shimfiɗawa a kan sikeli ranar awo da rigakafi. Amma naɗi na makonni kaɗan ne kawai. Biyu sun isa.

Na yadi ɗaya, wato inci 36, shi ne wanda zan ce ki fi yawaitawa. Ki shimfiɗa shi da kusurwa ɗaya a sama, ki ninko wannan kusurwar zuwa ƙasa kamar faɗin tafin hannu, ki kwantar da yaro kafaɗunsa a bakin ninkin. Gefen dama zai tsallaka ƙirji ya shiga ƙarƙashin baya, na ƙasa ya rufe ƙafafu, na hagu ya zagayo ya kama. A na inci 30, wannan zagayen na ƙarshe ne yake gazawa, yaro na miƙa sai ya kwance. Ranar suna da za a yi ta miƙa shi daga hannun gwaggo zuwa na inna, za ki ga bambancin.

Babban kuwa, inci 42 zuwa 45, shi ne mai daɗewa. Bayan an daina naɗi zai zama mayafin shayarwa a cikin mutane, ya zama shimfiɗa a kan tabarma lokacin koyon zama. Sai dai a nan Sakkwato sai an yi hattara da shi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma babban zane yana zagaye ɗan jiki sau biyu, ga ƙurajen zafi a wuya da hammata. Idan haihuwar bazara ce, ki yi shi da auduga shara-shara, falle ɗaya, kada tela ya sa masa shafi. Yadin fulanel mai kauri a bar wa ɗan Disamba da Janairu, lokacin da ɗarin asuba yake shiga ƙashi.

Akwai mai tsawo, inci 30 da 40. Ya yi kyau a shimfiɗa, amma kusurwoyinsa ba sa haɗuwa daidai wurin naɗi. Ni ba na ba da shawararsa.

Kafin ki biya kuɗi ki sa a auna miki faɗin yadin a gabanki. Yawancin yadin auduga faɗinsa inci 44 ko 45 ne. Yadi ɗaya zai ba ki na inci 36 kafin wanki da kalmasa, ragowar ƙyallen inci 8 ko 9 ki yi hankicin tumbuɗi da shi. Yadi ɗaya da kwata zai ba ki babban ba tare da asarar komai ba. Yadi shida kuwa, manya biyu da matsakaita uku zai fitar, har a samu rara. Ki wanke shi ki shanya kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, sannan kalmasar baki tana cin kusan inci ɗaya a kowane gefe. Wanda aka yanka a 36 ba a wanke ba, da ƙyar ya tsaya a 33.

Kowane awo kika zaɓa, kada ki ɗaure ƙugu tamau, ki bar ƙafafu su iya lanƙwashewa, yatsunki biyu kuma su iya shiga tsakanin zane da ƙirji. A kwantar da shi rigingine, kada zane ya hau fuska, kuma a cire masa hular ulu idan ɗaki da ɗumi. Da ya fara yunƙurin juyawa, wanda wasu kan fara tun wata biyu, a daina naɗe masa hannu.