Manhajar da na bi Olamfik na sanyi da ita daga Garwa

In so kake ka fahimci wasan, manhajar nan ta ci kuɗinta. In kuwa niyyarka ka wuni kana kallo kai-tsaye, to kuɗin data sai ya ninka na rajista, kuma gara ka san haka tun kafin ka biya. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Rajistar wata guda na yi saboda gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Milan da Cortina na ƙasar Italiya, daga 6 zuwa 22 ga Fabrairun 2026.

Sa'ar farko ba ta manhaja ba ce, ta agogo ce. A watan Fabrairu lokacin Italiya ɗaya yake da namu na Kamaru, don haka jadawalin da ka gani shi ne naka, ba lissafi. A gasar Beijing ta 2022 kuwa awa 7 ce tsakaninmu, ga shi lokacin hankalin kowa a Garwa yana kan Kofin Afirka da aka buga wasu wasanninsa a filin ƙwallonmu na Roumdé Adjia.

Inda ta fi burge ni shi ne wasan da ake kira biyatlon. Mutum zai yi ta gudu a kan dusar ƙanƙara da bindiga rataye a baya, ya iso yana haki, ya kwanta ko ya tsaya ya harbi wurare 5 daga nisan mita 50. A yawancin tseren, duk harbin da ya kuskure sai ya zagaya ƙarin mita 150. Manhajar tana nuna ɗigo biyar ɗin a ƙasan allo, kowanne ya koma fari in an same shi, ga tazarar daƙiƙoƙi a gefe. Wannan kaɗai ya isa ka gane yadda na gaba zai koma na goma a tsayuwa ɗaya. Ƙannena da ba su san komai ba sai ƙwallo, a nan suka fara gardama.

Haka wasan tura dutse, wato kalin. Iyarmu da ta leƙo sai da ta tambaya ko shara ma gasa ce a can. Wani ɗan gajeren bidiyo a manhajar ne ya warware mana: dutsen ya kusa kilo 20, gogar da suke yi da buroshi a gabansa tana ɗan ɗumama ƙanƙarar, sai ya ƙara nisa kuma ya rage karkata. Irin waɗannan bidiyoyin su ne ribar kuɗin, sai dai an cusa su can ƙasa, sai ka tona.

Hoki kam, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, a waya wahala ne. Da rezo ya ɗan yi rauni hoton zai dushe, ɗan faifan da suke bugawa ya ɓace, sai ka ji ihu ba ka san me ya faru ba. Masu sharhin Faransanci kuma suna magana kamar duk mai kallo a kan tudun ƙanƙara aka yanke masa cibiya.

Abin da ya fi ci min rai, ba yadda za ka ware ’yan wasan Afirka ka bi su. Sai ka san suna tukuna. Alhali muna da tarihi ko da kaɗan ne: Isaac Menyoli ya wakilci Kamaru a gasar Salt Lake City ta Amurka a 2002, matan Najeriya kuma sun shiga tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu a 2018.

Azumi ya kama a kwanakin ƙarshe, sai na koma kallon maimaici bayan sallar asham, kuma yana buɗewa lafiya lau. Matsalar ita ce sanarwar da take faɗowa a waya. Tun kafin in buɗe tseren kilomita 50 na kan dusar ƙanƙara ta riga ta faɗa min cewa Klæbo ɗan Norwe ya ɗauki zinarensa na 6 a wannan gasar. Duk wanda zai yi rajista, ya fara kashe sanarwar nan, ya rage ingancin hoto da hannunsa, domin a mafi girma take barinsa.