Wane darasin intanet ya dace da mai son fahimtar kimiyyar MRI?

Danna maɓallin na'urar MRI (mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganadisu) daban, sanin abin da ke faruwa a cikinta daban. Ranar da likita ya tambaye ka me ya sa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yake fitowa fari a hoton T2 amma baƙi a T1 (nau'ikan hoton MRI ne guda biyu), ranar ake gane wanda ya karanta. Darussan bidiyo sun cika intanet, amma ni abu ɗaya nake fara dubawa: malamin ya tsaya ya warware k-space (inda na'ura ke tara ɗanyen bayanai kafin ta mayar da su hoto), ko ya tsallake shi da gudu?

A kan wannan ma'auni, ban ga kamar darussan Dakta Michael Lipton ba, waɗanda ya gabatar a Albert Einstein College of Medicine da ke New York. Suna YouTube kyauta, bidiyo sama da 50. Likitan hoton ƙwaƙwalwa ne, don haka ya san inda ma'aikacin asibiti ke tuntuɓe. Daga tushe yake farawa: firoton ɗin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jikinmu, da yadda yake juyi a cikin maganadisu. Saurin juyin nan megahaz 42.58 ne (juyi miliyan 42.58 a daƙiƙa ɗaya) a kowace tesla (ma'aunin ƙarfin maganadisu), wato kusan 64 a na'ura mai tesla 1.5, kusan 128 a mai tesla 3. Daga nan sai T1 da T2, sai yadda zaɓin TR (tazarar lokaci tsakanin bugun igiyar rediyo da na gaba) da TE (lokacin da ake jira kafin a ɗauki amsar jiki) ke sauya hasken hoto. Lokacin da zai iso k-space ka riga ka san dalilin da ake sauya ƙarfin maganadisu daga wannan gefe zuwa wancan, dabarar da ta kai Paul Lauterbur da Peter Mansfield ga kyautar Nobel a 2003. Sai ka gane tsakiyar k-space ce ke ba da bambancin haske, gefensa kuma ke fito da ƙananan siffofi. Aibin darussan ɗaya ne, tsawo. Ka tanadi data, ka ajiye littafi da biro kusa, ka riƙa zana abin da ya zana.

Darussan marigayi Paul Callaghan na New Zealand gajeru ne masu daɗi, har da gwaji da maganadisun duniya kanta, amma ba za su kai ka ɗakin hoto ba. Na Brian Hargreaves na jami'ar Stanford na injiniyoyi ne, lissafi zalla. Na jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu a dandalin karatu na Coursera ya dace da mai neman takardar kammala kwas.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Akwai masu tallar "cikakken kwas ɗin MRI" a WhatsApp da Telegram, har da alƙawarin satifiket. Na taɓa biyan irinsu. Abin da suka turo bidiyoyin kyauta ne aka yayyanka, aka goge sunan malamai, kuma sashen k-space babu shi gaba ɗaya. Da na yi magana sai aka cire ni daga zauren.

Kafin ka tura ko kwabo, ka nemi cikakken sunan malamin da inda yake koyarwa. In sun fara kwana-kwana, ka kama gabanka. Ka nemi su ba ka darasi ɗaya ka gani. In ka ji an ce MRI na amfani da irin hasken X-ray, rufe kawai, ƙarya ce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa ana kashe maganadisun in an tashi aiki. A manyan na'urori maganadisun a kunne yake dare da rana, kuma yana fizgar almakashi ko tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A 2001 irin wannan tukunya ta yi ajalin yaro ɗan shekara 6 a jihar New York.

Batun takarda kuma, babu satifiket ɗin intanet da zai ba ka izinin ɗaukar hoton majiyyaci a Najeriya. Rajistar wannan aiki tana hannun hukumar RRBN mai kula da ma'aikatan ɗaukar hoton asibiti, kuma sai wanda ya yi karatun a makarantar da ta amince da ita.