Wata bakwai ina bin hanyoyin burji da manhajar tsara hanya

Ranar da na fara amincewa da wannan manhaja, ta sauke ni daga kwalta ne ta cusa ni wata siririyar hanya da na daɗe ina wucewa ta bakinta, ban taɓa sanin tana ɓullewa ko'ina ba. Kilomita 14 na yi a cikinta a kan keke tsakanin gonaki, ƙasa mai tauri, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, ko mota ɗaya ban gamu da ita ba. Da na fito ta ɗaya bakin na tsaya shan ruwa, na ce a raina kuɗin rajistar da na biya bai tafi a banza ba. Yau wata bakwai ke nan, na yi tafiya da ita fiye da sau 30, kuma yabon da nake mata ya samu gyara a wasu wurare.

Kekena irin wanda ake kira gravel ne. Ƙirarsa ta keken tsere ce, mai lanƙwasasshen kai, sai dai tayarsa ta fi faɗi, tawa milimita 40 ce, birkinsa kuma na faifai. An yi shi don hanyar da ta fi ƙarfin keken kwalta amma ba ta kai a nemi keken hawa dutse ba. Harkar ta girma ƙwarai a 'yan shekarun nan. Tseren da yanzu ake kira Unbound Gravel, a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, an fara shi a 2006 da mahaya ƙalilan, nisansa mil 200, kuma sai a 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. Ni ba tsere nake yi ba. Abin da nake nema shi ne hanyar karkara wadda zan yi awa uku ko huɗu a kanta babu hayaƙi, babu babbar mota tana hura mini iska a kafaɗa. Samun irin wannan hanya ya fi sayen keken wuya, kuma nan ne manhajar ta shigo.

Amfani da ita ba wahala. Ka zaɓi irin kekenka, ka sa inda za ka tashi da inda za ka, ta zana maka layi. Abin da ya fi burge ni shi ne tana raba tafiyar kashi-kashi: ga nawa kwalta, ga nawa burji, ga nawa turbar ƙafa. A ƙasa kuma akwai zanen hawa da gangara, ka ga inda tudu yake jiranka tun kana zaune a gida. Idan layin bai yi maka ba, ka ja shi da yatsa ka ɗora a kan wata hanyar, nan take ta sake lissafi. Ana sauke taswirar a waya don inda babu sabis, kuma hakan ya yi mini aiki kowane lokaci, domin GPS daga tauraron ɗan adam yake karɓar sigina, ba ruwansa da layin waya. Ana kuma fitar da hanyar a fayil ɗin GPX a tura wa aboki ko a saka a ƙaramar na'urar da ake ɗaurawa a kan keke.

Inda muka fara samun saɓani da ita shi ne a kan kalma ɗaya: burji. Duk wanda ya hau keke a karkara ya san hanyar da ba kwalta ba kala-kala ce. Akwai burjin da aka daddanne ya yi sumul, kana iya gudun kilomita 25 a awa a kansa cikin jin daɗi. Akwai mai gargada, wanda tayoyin motoci suka yi wa kunya-kunya a jere, yana girgiza ka har hannunka ya mutu. Akwai wanda aka zuba wa sabon dutse mai kaifi, akwai kuma wanda yashi ya cinye. Manhajar sau da yawa launi ɗaya take shafa musu duka.

Wata Asabar ta tsara mini zagaye na kilomita 62, ta ce awa uku da rabi. Kilomita 40 na farko lafiya lau. Daga nan hanyar ta gangara wani kwari, sai ga yashi mai zurfi. Na mayar da nauyina baya, na sassauta riƙon kan keken, na sa giya mai sauƙi na ci gaba da juya feda kamar yadda ya kamata, amma tayar gaba ta dinga nutsewa. Na sauka na tura keken kusan kilomita 3, rana ta take, ruwana ya kusa ƙarewa. Awa biyar da wani abu na yi kafin in dawo. Raina ya ɓaci sosai a ranar, domin da na san haka da na ɗauki gora ta uku, kuma da wani sabon shiga na gayyato, da na jefa shi cikin wahalar da za ta sa ya tsani keke.

Bayan wannan ne na zauna na bincika daga ina irin waɗannan manhajoji suke samun bayanansu. Yawancinsu a kan taswirar OpenStreetMap suka dogara, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, kuma 'yan sa kai ne suke cika ta. A cikinta akwai wurin rubuta irin fuskar kowace hanya, har ma ana ba hanyoyin gona daraja daga 1 zuwa 5: ta 1 mai tauri, ta 5 ƙasa mai laushi ko ciyawa. Inda mahaya suka yi yawa, bayanin a cike yake. Inda ba wanda ya bi ya rubuta, wurin a buɗe yake, sai manhajar ta yi kirdado. Laifinta a wurina shi ne ba ta fito fili ta nuna inda take kirdadon ba. Akwai ɗan kashin da take rubuta wa "ba a sani ba", amma a can ƙasa yake da ƙananan haruffa, alhali shi ya kamata mutum ya fara gani. Na buɗe asusu a OpenStreetMap na gyara wannan kwarin da kaina, na rubuta yashi ne, bayan 'yan makonni kuwa manhajar ta daina bi da ni ta can. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda na zata.

Akwai kuma abin da taswira ba za ta taɓa sani ba, wato ruwan da aka yi jiya. Hanyar da na bi a bushe cikin minti 20 ta koma taɓo bayan ruwan dare ɗaya, laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfen keken har tayar ta ƙi juyawa, sai da na nemi ɗan itace na yi ta ƙwaƙulewa. Ko manyan 'yan tsere sun sha irin wannan a Unbound na 2023, inda da yawa suka saɓa kekunansu a kafaɗa. Sau biyu kuma ta kai ni bakin shingen gona. Na juya, don gonar mutum ba hanya ba ce ko da waya ta ce a wuce.

Batir ma abin lura ne. Idan allo yana kunne cikin rana, wayar tana zafi, cajin yana zuba. Yanzu nakan kashe allon in bar muryar tana faɗa mini kwana, in riƙe ƙaramin abin caji a jaka. Muryar takan makara a mararrabar da hanyoyi suka yi kusa da juna, sai ka wuce da mita 50 kafin ta ankarar da kai.

Ga yadda nake yi yanzu. Manhajar ta zana, ni kuma in buɗe hoton tauraron ɗan adam in bi layin da ido. Inda hanya ta yi fari fat kusa da rafi, na san yashi ne. Lokacin da ta ba ni nakan ƙara masa kashi ɗaya cikin uku. Tayoyina na mayar da su marasa tif, masu ruwan liƙe huji a ciki, ina busa su wajen psi 35 a ma'aunin iskar taya, kuma tun daga nan ƙaya ba ta ƙara tsayar da ni ba, ko da yake ruwan yana bushewa, duk bayan wata uku nake ƙara shi. Idan na gamu da manomi a hanya nakan tsaya in gaishe shi in tambayi yadda gaba take. Wani dattijo ne ya ce mini gadar da ke gabana ruwa ya tafi da ita, ya nuna mini wata mashiga ta sama wadda babu ita a taswirar kwata-kwata. Ita ma na saka ta da na koma gida.

Zan sabunta rajistata idan ta ƙare. Wanda ke da keken gravel kuma ya gaji da zagaye hanya ɗaya, ina ba shi shawarar ya gwada, amma ya fara da gajeren zagaye na kilomita 25 zuwa 30 a yankin da ya ɗan sani, ya gwada abin da allon ya faɗa da abin da tayarsa ta taka. Akwai wata hanya ta bayan tsauni da na ajiye tun watan jiya, kilomita 9 daga cikinta an rubuta "ba a sani ba". Ina jira ƙasa ta bushe, in tafi da gora uku.